Kwana Uku a Kan Kabad

Kofin ruwan yana hannunsa, amma Dokta Pindar ya kasa kai shi baki.

Hajja Yagana tana zaune a gefen tabarma tana kallonsa. Daga firij ta zubo ruwan, jikin kofin silbar har ya yi raɓa, kuma a zafin watan Yuni na Maiduguri ba a yi wa irin wannan ruwa yanga. Shekara tara suna maƙwabtaka a Galtimari, katanga ɗaya ce tsakaninsu, ba ta taɓa ganin ya shigo gidanta ya bar ruwa a kofi ba. Yau ya ɗaga shi har daidai haɓa, sai maƙogwaronsa ya motsa kamar an shaƙe shi, hannun ya ɗauki rawa, ruwan ya zube masa a wando. Ya ajiye kofin can bayansa, inda idonsa ba zai kai ba.

"Dokta, lafiya kuwa?"

"Da sauƙi, Hajja." Ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya zaro baƙin littafin nan da ba ya rabuwa da shi, ya buɗe a kan gwiwa. "Tambaya na zo yi miki. Ki yi tunani sosai kafin ki amsa. Akwatina, tun ranar da na sake cika shi a watan Maris har ranar da na fara allura, ya taɓa fita daga firij? Ko da na awa ɗaya ne?"

Ta gyara mayafinta, ta kalli ƙasa.

"Ko motsi bai yi ba, Dokta."

"Kananzir bai taɓa ƙarewa ba? Wutar ba ta mutu ba?"

"Ba ta taɓa mutuwa ba." Wannan kam gaskiya ce, ta kuma faɗe ta da ƙarfi, ko za ta danne ta farkon.

Ya rubuta a hankali, ya ja layi a ƙarƙashi, ya rufe littafin.

"Na gode. Abin da nake tsoro ke nan," ya ce, ya dafa bango ya miƙe.

Mutanen Galtimari Likitan Karnuka suke ce masa, wasu da girmamawa, mafi yawa da dariya. To, me za a ce da mutumin da ya yi karatu har ƙasashen waje, ya dawo ya ƙare a bin mahaukatan karnuka kwararo-kwararo? Idan aka kashe kare a unguwa, shi ne zai iso a tsohuwar Fijo yana roƙon a ba shi kan, ya sa cikin ƙanƙara ya tafi da shi ɗakin bincike. Ba su san cewa a wasu ƙasashe, idan masana suka zauna zancen ciwon haukan kare, sai sun ambaci sunansa ba. Rubuce-rubucensa sun fi arba'in a mujallun likitoci. Wasiƙu suna zuwa masa daga Indiya, daga Kenya, daga Barazil, matarsa Susanna tana jera su a tsohon kwalin madara. Mu dai a unguwa abin da muka sani shi ne, motarsa ba a so a tsaya kusa da ita da rana.

Babban aikinsa wata allura ce da ya shekara ashirin a kanta shi da abokan aikinsa, wadda ake yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza kafin ciwon ya hau kai. An gwada ta, ta yi kyau, kuma a shekarar 1979 ɗin nan ake shirin kai ta ƙananan asibitocin ƙauyukan Borno. Matsalarta ɗaya, ba ta son zafi. Wutar lantarki kuwa a Galtimari baƙuwa ce, ta leƙo ta gaisa ta koma. Hajja Yagana ce kaɗai a layin take da firij mai kananzir, wanda marigayi mijinta Ba'ana ya bari, kuma tana kula da lagwaninsa kamar jariri. Shi ya sa Dokta ya roƙe ta wuri a hawa na ƙasa, ya ajiye wani ɗan akwatin gwangwani mai jan rubutun Turanci a murfi, saboda masu zuwa gida neman taimako idan an tashi daga ofis. Duk ranar Juma'a zai yi sallama, ya duba ma'aunin zafin da ke cikin akwatin, ya rubuta a baƙin littafi, ya sha ruwansa ya tafi. Ya taɓa kawo wata mujalla ya ɗora yatsa a ƙasan shafi ya ce, "Ga sunanki nan, Hajja. Na yi miki godiya, har a Indiya an karanta." Ta yi dariya ta ce a gaishe mata da Indiyawan.

Abin da ya faru a watan Afrilu ba wani babban abu ba ne, wannan ma ya fi ci mata rai. 'Yarta ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta haifi namiji, aka yi suna a gidan. Dangi suka cika ko'ina, aka yanka raguna biyu, ga zoɓo, ga kunun aya, ga naman da za a raba washegari. Ranar Laraba da hantsi Hajja ta buɗe firij, babu inda za a sa ko ludayi. Ta zaro akwatin Dokta ta ɗora a kan kabad, da niyyar ta mayar kafin azahar. Sai aka kira ta baƙi sun iso daga Konduga.

Ranar Juma'a Dokta bai shigo ba. Gida cike da mata, masu wanka na wanka, masu shayarwa na shayarwa, namiji mai kunya ba ya kutsa kai wurin. Sai ranar Asabar ya ɗaga murya ta bayan katanga.

"Hajja, barka da taro. Akwatina yana nan lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Dokta," ta amsa, bakinta ya riga tunaninta.

Tana rufe baki ta tuna. Ta ruga ɗaki ta taka kujera, ta ɗauko shi, gwangwanin da ɗumi kamar an sauke daga murhu. Ta buɗe. 'Yan kwalaben suna nan a jere, ba su fashe ba, ba su canza launi ba, ba wari. Ta ce a ranta, ai ko zoɓo idan ya huce mayar da shi ake ya sake yin sanyi. Ta kwashe nama ta mayar da akwatin mazauninsa. Juma'ar da ta biyo baya Dokta ya duba ma'auninsa, ya ce madalla, ya sha ruwa.

Kwana goma bayan nan aka aiko masa daga Maisandari, wani kare ya ciji awaki uku, mutane sun rutsa shi da sanduna. Dokta ya je yana roƙon kada a fasa kan, shi ne abin da zai gwada. Garin zura masa igiya karen ya kama shi a hannun dama, tsakanin babban yatsa da manuni, cizo mai zurfi. Ya wanke da sabulu, ya gwada kan karen, ya ga abin da ya yi zato. Alluran ofis sun ƙare a rangadi, amma bai damu ba. A akwatin Hajja akwai saura rabon mutum ɗaya cif, kwalba goma sha huɗu, kullum ɗaya a gefen cibiya.

"Yau mai tuwo zai ci tuwonsa," ya ce mata yana dariya a safiyar farko.

Kwana goma sha huɗu, kowace safiya, ita ce take buɗe firij ta zaro kwalba ɗaya ta miƙa masa. Ranar farko ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga yana cikin raha, ta ce bari sai gobe. Rana ta uku ta ce ai an riga an fara. Rana ta bakwai ta tambaye shi ko hannun ya warke, ya nuna mata ya ƙame, ta ji sanyi a ranta ta ce ashe ba komai. Daga nan kuma maganar ta yi nauyi. Yaya za ta ce da mutum, bayan ya sha tsira goma a ciki, dama akwai abin da ban gaya maka ba? Kunya ce ta rufe mata baki, ba mugunta ba. Amma kunyar ta yi aikin da mugunta ma sai ta yi da gaske ta yi shi.

Yanzu ga shi mako bakwai sun wuce, ya zo gidanta ya kasa shan ruwa, ta kuma ƙara masa wata ƙaryar a kan ta farko.

Washegari Juma'a aka kai shi asibiti. Da la'asar Susanna ta dawo ɗaukar kaya, Hajja ta zagaya ta same ta zaune a gaban keken rubutu, idanunta sun yi ja. Malamar firamare ce, ita take buga masa duk rubuce-rubucensa tun aurensu. Ita da Hajja kuwa sun wuce maƙwabtaka. Ranar Kirsimeti shinkafar Susanna ce take fara shiga gidan Hajja, ranar Salla naman Hajja ne yake fara shiga nata.

"Wushe, sannu, Maman Rhoda. Yaya mai jiki?"

"Hajja, ya san abin da ke damunsa, haukan karen nan ne ya hau. Ya fi likitocin sani. Ya ce kwana uku ne ko huɗu." Ta share hanci da bakin zane. "Ba mutuwar ce ta karya shi ba. Kin ga wannan?"

Ta nuna takardar da ke cikin keken.

"Jiya bayan ya dawo daga wurinki ya zaunar da ni ya ce in buga. Wai an yi allurar a kan lokaci, an ajiye ta yadda ya kamata, amma ba ta yi aiki ba. Wai a dakatar da kai ta ƙauyuka, a janye duk abin da ya rubuta a kanta. Na ce masa, Baban Rhoda, shekara ashirin fa. Ya ce, to in bari a kai wa mutane ruwan banza don kada sunana ya ɓaci? Ranar Litinin abokinsa Dokta Damian zai aika da ita."

"Idan aka dakatar, mutanen ƙauye fa?"

"Su koma yadda suke. Wanda kare ya ciza ya ƙona gashin karen ya shafa a ciwon, ya jira ikon Allah." Susanna ta dafa keken da hannu biyu. "Hajja, ranar da muka binne ɗanmu na fari bai yi kuka ba. Jiya ya yi. Ya juya fuska bango yana cewa, ina na yi kuskure, ina na yi kuskure."

Hajja ta miƙe tsaye. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce idan akwai abin da za a dafa a faɗa mata. Susanna ta riƙe hannunta ta ce, "Kin yi mana komai, Hajja. Ke kaɗai ce ma ba ki taɓa ƙyamar aikinsa ba." Hajja ta zare hannun a hankali ta fito.

A gida ta tsaya a gaban firij ta kasa buɗewa. Tana jin ɗan kukan wutarsa daga ƙasa, lafiya lau, kamar kullum. Ta yi ta jujjuya abin. Idan ta yi shiru, ba mai sani har abada. Zai mutu ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, maganarta ba za ta dawo da shi ba. Idan kuwa ta faɗa, da wane ido za ta kalli Maman Rhoda? Amma kalmar nan ta ina na yi kuskure ta ƙi barin kunnenta. Mutumin yana can yana tonon shekara ashirin yana neman laifinsa, laifin kuwa yana nan a kan kabad ɗinta.

Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki mayafi ta tafi asibiti. Kafin ta fita ta fara dama masa kunu, ta tuna ba zai iya sha ba, ta bar shi a murhu.

A wani ɗaki na ƙarshen baranda aka kwantar da shi shi kaɗai. Wani likita gajere mai tabarau, Dokta Damian Onyekwere, abokinsa na shekaru, ya tare ta a ƙofa.

"Mama, ba a shiga. Iyali kawai."

"Maƙwabciyarsa ce ni. Magana ce da ni, ba za ta jira ba."

Daga ciki wata murya da ta dishe ta ce, "Damian, bar ta. Hajja ce."

"To ki shiga a hankali," in ji likitan. "Kada ki kaɗa mayafi. Ko iska ta taɓa fuskarsa tana tayar masa."

Ɗakin kamar tanda. An kashe fanka, an rufe taga, an naɗe bakin famfo da tsumma don kada ya ji ɗigar ruwa. Dokta Pindar yana kwance, an ɗaure hannayensa da bandeji a jikin gadon, kuma daga baya ta ji shi da kansa ya ce a ɗaure. A kwana biyu ya zabge, leɓɓansa sun tsage, amma idanun nan nasa suna nan tar. Susanna tana zaune a kujera, baƙin littafin a cinyarta. Hajja ta so a ce ta same shi shi kaɗai. Ta dubi ƙofa, ta dubi Susanna, ta ga idan ta tsaya jiran sauƙi ba za ta taɓa faɗa ba. Ta durƙusa a ƙasa.

"Dokta, ƙarya na yi maka shekaranjiya. Akwatin ya fita."

Susanna ta ɗago kai. Hajja ta ci gaba.

"Lokacin suna ne. Wuri ya ƙare mini, na ɗora shi a kan kabad, na ce zan mayar, na manta. Da ka tambaye ni ta katanga, yana waje."

Ta jira ashar, ko tofin Allah tsine, ko a ce ta fita. Abin da ta ji shi ne muryar da yake tambayar masu kare da ita.

"Kwana nawa?"

"Daga Laraba da hantsi zuwa Asabar."

"Uku ke nan. Wane kabad?"

"Na ɗakina, dogon."

"Na kusa da taga? Ƙarƙashin kwano, ba silin?"

"Shi."

"Rana tana kai wa wurin?"

"Daga la'asar tana shiga."

"Da kika ɗauko, da ɗumi ko da zafi?"

"Da zafi, Dokta. Sai da na sa bakin zane."

Ya lumshe ido. Ƙirjinsa ya fara rawa, ta zaci ciwon ne ya motsa. Ashe dariya yake yi, hawaye na gangara masa zuwa kunne.

"Afrilu. Ƙarƙashin kwano. Kwana uku. Ko ni aka ɗora a can ai na lalace." Ya juyo da kai da ƙyar. "Na gode wa Allah. Susanna, allurar lafiyarta ƙalau. Kin ji? Lafiyarta ƙalau. Rubuta."

Susanna ba ta buɗe littafin ba. Hajja take kallo, kallon da ba fushi a cikinsa tukuna, kamar wadda take ƙoƙarin gane fuskar baƙuwa.

"Maman Rhoda, don Allah, lokacina kaɗan ne. Rubuta."

Ta buɗe. Ya faɗa mata a gutsure, yana hutawa tsakani: kwanakin, wurin, zafin watan, ranar cizo, ranar da hannu ya fara ƙaiƙayi. Ya ce a yaga wasiƙar farko. Ya ce a ci gaba da shirin ƙauyuka, amma kada a kai ko kwalba ɗaya inda ba a tabbatar da sanyi ba.

"Kada ki sa sunan kowa," ya ce.

"Ba sai ka faɗa ba."

Farin cikin nan nasa ya fi wa Hajja ciwo fiye da mari. Ta matso da gwiwa.

"Dokta, ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini."

"Hajja, jan rubutun da ke murfin akwatin, me ya ce?"

"Ban iya Turanci ba."

"Na taɓa gaya miki abin da zafi yake yi wa maganin?"

"Ka ce kada a fitar."

"Na ce kada a fitar. Ban ce me ya sa ba. Takarda arba'in na rubuta wa mutanen Indiya, ban yi wa mai firij bayani na minti biyu ba. Susanna, sa wannan ma. A rubuta da Hausa, da Kanuri..."

"Kwana goma sha huɗu, Hajja," Susanna ta ce, a hankali, alƙalamin yana hannunta. "Da hannunki kike miƙo masa."

Dokta ya ɗago kai kamar zai yi magana, leɓɓansa sun fara haɗa wata kalma. A daidai nan wani a baranda ya juye bokitin ruwa a kwata. Ƙarar ta shigo ɗakin. Jikinsa ya sandare, bayansa ya bar katifa, gadon ya ɗauki ƙara. Dokta Damian ya shigo da sauri da allura a hannu, ya ce kowa ya fita. Susanna ta ƙi tashi. Hajja ce ta fita, aka rufe ƙofa.

Ta zauna a barandar har la'asar, ta dawo ranar Lahadi ta sake zama. Bai ƙara dawowa hayyacinsa yadda zai yi magana ba. Ranar Litinin da safe ya cika. Ko wace kalma ce ya fara haɗawa, da ita ya tafi.

An kai shi gida ƙasar Biu. Kafin a tafi, gidansa ya cika da mutanen coci suna waƙa, da malaman jami'a, da wasu tsofaffi daga ƙauyuka da ba wanda ya san su, kowa da tabon cizo da labarinsa. Masu ce masa Likitan Karnuka suka tsaya bakin layi suna mamakin motoci. Hajja ta dafa tukunya uku ta aika, aka karɓa, aka dawo da kwanuka a wanke. Ta shiga ta'aziyya tare da matan unguwa, Susanna ta amsa mata kamar yadda ta amsa wa kowa, ba ƙari ba ragi. Ba ta gaya wa kowa komai ba, har 'yarta Rhoda. Hajja ta so a ce Susanna ta faɗa. Da an zage ta a unguwa, da ta san ta biya wani abu.

Damina ta zo ta wuce. Ta bayan katanga Hajja tana jin ƙarar keken rubutu kusan kullum da yamma, ba ta kuma ƙara jin an kira ta ta can ba.

A watan Oktoba, ranar da aka gama loda kayansu a motar da za ta kai su gida, Susanna ta yi sallama. Ta rame, gashinta ya fara fari. Hajja ta shimfiɗa tabarma, suka gaisa gaisuwar da ba ta da yawa. Susanna ta buɗe jaka ta zaro wata 'yar takarda mai danƙo a baya, ta ajiye a tsakaninsu. Jan rubutu ne, layi uku.

"Rubutunsa na ƙarshe ya fito. Dokta Damian ya ce an yi ta aiko da wasiƙu a kansa. An fara kai allurar ƙauyuka tun watan jiya, kowane akwati da wannan a murfi." Ta ɗora yatsa. "Na sama Hausa, na tsakiya Kanuri, na ƙasa Turanci. An kuma ce duk wanda za a ba ajiya, a karanta masa da baki, a gaya masa dalili."

"Me ya ce?"

"Idan akwatin nan ya yi zafi, maganin ya mutu, ko da bai canza kama ba. Idan ya taɓa fita, ka faɗa. Ba laifi ba ne."

Hajja ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Maman Rhoda, ranar nan, bayan na fita, bai ce komai ba?"

Susanna ta dube ta. Mace ce da ta shekara ashirin da biyar tana buga abin da aka gani kawai, ba ta iya ƙarawa ba.

"Bai ce ba, Hajja."

A waje direba ya danna hon. Hajja ta tashi da sauri, don ba a barin baƙo ya fita haka, ta buɗe firij. Hawa na ƙasa babu komai a ciki sai akwatin gwangwanin, fanko, a inda yake tun watan Mayu. Susanna ta gan shi daga inda take zaune, ba ta ce a ba ta ba. Hajja ta zubo ruwa a kofin silba ta miƙa da hannu biyu, ba ta sa ran za a karɓa ba.

Susanna ta karɓa. Ta riƙe shi a tafin hannu har raɓar ta jiƙa mata yatsu. Sannan ta kai baki ta yi kurɓi ɗaya.

"Akwai sanyi," ta ce.

Ta ajiye kofin kusa da jar takardar, ta ɗauki jakarta ta fita. Hajja ta ji tashin motar, ta ji ta karya kwana a bakin layi. Ba ta ɗauke kofin ba. Ta zauna tana kallon raɓar tana gangarowa a jikinsa, tana taruwa a kan tabarma, har ta kusa taɓa gefen takardar. Sai ta sa yatsa ta ɗan janye ta.